Sunan da Za a Rubuta a Bulo

Daga Ofishin Babban Daraktan Wasanni, Jami'ar Dunmere
Watan Mayu

Zuwa ga Malama Sagal Warsame, kamfanin kifi, Alaska.

Bayan gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ruwan ƙanƙara bai tsattsaga miki hannuwa ba, kuma kina sa safa biyu kamar yadda ake ta gaya miki. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwata ta hagu da ke damuna saboda yawan hawa bene zuwa wurin masu kuɗi, da wuyana, saboda yawan sunkuyar da kai in na isa.

Ni ne Dakta Russell Pendergast. Duk ƙwallon da ake bugawa ko ake jefawa a jami'ar nan a ƙarƙashina take. Albishir na zo miki da shi: za mu gina wa 'yan ƙwallonmu masu hular kwano sabon gida. A ciki akwai wurin aski, da tafkin ruwan zafi, da na ruwan sanyi, da gadajen barcin rana, da wurin sulu daga bene zuwa ƙasa don kada matakala ta gajiyar da yaranmu.

Mista Orval Stensrud, mai mayankar da mahaifinki ya bar kafaɗarsa a ciki, ya ba da kashi ɗaya cikin uku, don haka sunansa za a rubuta a goshin ginin. Sauran mun ciyo bashi, mun ƙara wa kowane ɗalibi kuɗin wasanni ko yana kallo ko ba ya kallo, amma har yanzu da saura. Ga shi kuma abokan Mista Stensrud suna son wurin ajiye mota kusa da ƙofa. Da muka leƙa ta taga sai muka hangi wani jan fili, wasu siraran yara suna ta zagaye suna dawowa inda suka tashi. Ƙaninki Ayanle yana cikinsu, shi ne ma a gaba. Babu mai biyan ko sisi don ya kalle su. Saboda haka daga kaka za mu rufe ƙungiyar tsere ta maza, mu zuba wa filin kwalta.

Amma ni mutum ne mai tausayi. Idan iyalan 'yan tseren suka nuna da gaske suke kafin ƙarshen Agusta, filin zai tsaya. Muna karɓar kowace irin gudummawa, ban da akuya, don mun ji labari akwai waɗanda ko a ɗaure ba sa iya riƙe ta. Mai son a rubuta sunansa ya hanzarta: ƙofofi sun ƙare, kujeru sun ƙare, abin da ya rage famfon banɗakin baƙi ne da bulon da ake shimfiɗawa a hanyar shiga.

Mun ji kina tara kuɗin makarantar jinya. Kada ki taɓa su. Ko tabarmar goge ƙafa ba za su saya mana ba.

Naki,
Dakta Russell Pendergast

Asusun Zakaru, akwatin gidan waya na jami'a. Kowace kyauta tana zuwa inda aka fi buƙatarta.

*

Dunmere, watan Mayu

Sagal sarauniyar kifi, 'yar Kawuna,

Assalamu alaikum. Ga taubashinki Guled da rubutunsa na allo, ki fara daga dama, kada ki sake ce min na rubuta a juye. Ina fata kina lafiya. Kawu lafiya, kafaɗar ce dai ba ta barinsa ya ɗaga hannu ya wuce kunne. Inna Ubah ta ce in tambaye ki ko kina cin wani abu da ba kifi ba. Ayanle ya ƙara ramewa, in ya juya gefe sai an neme shi.

Akwai magana a gidan nan, amma Kawu ya zaunar da mu ya sa kowa ya rantse ba za mu gaya miki ba, ba da baki ba, ba a waya ba, ba a wasiƙar da muka sa wa hannu ba. Ya ce a bar ki ki gama aikinki ki shiga makarantarki a watan Satumba hankali kwance. Na rantse. To amma kin san ni da rantsuwa, ba na karya ta, sai dai in zagaya in gaishe ta ta baya.

Bari in ba ki labarin da ba a hana ni ba. An ɗauke ni daga sharar filin ƙwallo an mayar da ni jigilar kujeru a walimar masu kuɗi. Kowane mako walima. A soya musu nama, Darakta ya tashi ya nuna musu hoton gidan da za a gina, ya dafa ƙirji kamar zai yi kuka, su kuma su ciro alƙalami. Wannan bai dame ni ba, kuɗinsu ne. Abin da ya ƙona min rai shi ne tsoho Tuttle, wanda yake ba ni gyaɗa duk ranar wasa. Tun kafin a haife mu yake zama a kujera ɗaya, matarsa a gefensa har ta rasu, kuma har yau yana sayen kujerarta ya ɗora hularta a kai. An aiko masa takarda cewa kuɗin tikiti kaɗai bai isa ba, sai ya ƙara kyauta mai tsoka, in ba haka ba a mayar da shi bayan ginshiƙi. Kyauta suke ce mata, Sagal. Kyautar da in ba ka bayar ba a tashe ka. A gaban Malam mun karanta sadaka, mun karanta zakka, har fansar fursuna mun karanta, ban ga babin da wannan ta faɗa ba.

Darlene mai sayar da tikiti, wadda nake kai wa sambusar Inna, ta ce shekarunta a tagar nan ba ta taɓa jin kunyar aikinta ba sai bana. Ta ce da ni, ɗana, da za su iya da sun sayar da sunan iskar da ke shiga filin.

In wani labari ya iso miki ta wata hanya, ni ba ruwana. Ki yi dariya, ki kira gida ki yi musu faɗa, iyakar abin da ake so ke nan.

Guled

*

Alaska, watan Yuni

Guled,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, yatsuna ne kawai ba sa lanƙwasuwa da safe. Ka gaishe da Inna. Baba kuma ka gaishe shi, amma ka sani fushi nake yi da ku duka.

Wato sai baƙo ne zai gaya min za a rufe ƙungiyar Ayanle? Kuna zaune kuna rantse-rantse, ni ina nan ina yanka cikin kifi kamar ba 'yar gidan ba? Ba zan kira ba. Layin wayar nan ɗaya ne, mutum arba'in a bayanka suna sauraro, ba zan yi kuka a gabansu ba.

Daraktan da kansa ya rubuto min, a takardar ofishinsu mai hoton zakara. Ban taɓa karanta rashin mutunci irin wannan ba. Ya ambaci kafaɗar Baba kamar abin wasa. Ya ce ba sa karɓar akuya. Akuya, Guled! Wato da ya ga sunana sai ya hango mu a daji muna kiwo, har yanzu ba mu zama mutane ba a idonsa. Ayanle ya ciyo musu kofin gasa sau biyu, sun buga hotonsa a bangon ofishinsu, ashe a ransu makiyaya ne mu. Sannan ya ce kuɗin makarantata ko tabarmar goge ƙafa ba za su saya ba. Na karanta wurin har sau nawa ban sani ba.

To ya gani. Ya rubuta da hannunsa cewa in iyalai sun nuna da gaske suke filin zai tsaya. Na je gidan waya na kwashe duk abin da na tara a bazara biyu, na aika musu. Jirgin da ya tafi da su shi ne ya kawo taka wasiƙar. Ban sa suna ba, ba na son famfonsu ba na son bulonsu. Baba ya koya mana sadakar da aka ɓoye ta fi, kuma in babu suna shi ma ba zai ji ba balle ya tashi hankalinsa. Makaranta ta jira ni baɗi. Ni zan iya jira, ƙafar mai gudu ba ta jira.

Tun da ka iya rantsuwa, to ni ma na rantsar da kai: kada Baba ya ji, kada Ayanle ya ji.

Sagal

*

Dunmere, watan Yuni

Sagal,

Salam. Kowa lafiya, Allah ya sa ke ma haka. Yau ba ni da wasa.

Ina kika aika kuɗin? Ki ba ni amsa a jirgin farko. Wane akwati kika rubuta a bayan ambulan?

Ki saurara, don asusu biyu ne. Akwai wanda Koci Marv, mai koyar da su Ayanle, ya buɗe shi da tsofaffin 'yan tsere. Shi ne na ceton filin. Sun yi alkawari in abin bai yiwu ba kowa za a mayar masa da nasa. Akwai kuma na ofishin Darakta, Asusun Zakaru. Wannan rijiya ce. Abin da ya faɗa ciki, in ba ki rubuta ƙarara cewa na tsere ne ba, su suke zaɓar inda zai je, kuma duk garin nan har yaran goye sun san inda yake zuwa.

Wace irin mahaukaciya ce ke? An ce kada ki taɓa su, a rubuce, kin karanta da idonki. Ke da kika yi boko har kika ci jarabawa, in an ce miki kada ki taɓa wuta sai ki rungume ta don a ga ba kya tsoro? Bazara biyu kina tsaye a cikin ƙanƙara. Wallahi da kina kusa da na girgiza ki.

Mu ma ba mu zauna ba. Bayan Juma'a an shimfiɗa rawani a ƙofar masallaci, kowa ya zuba. Matan unguwa suna soya sambusa muna sayarwa a bakin kanti. Ayanle da abokansa suna wanke motoci. Tsoho Tuttle ya sayar da kujerar matarsa ya kawo wa Koci kuɗin, ya ce tun da za a tashe ta gara ta tashi da dalili. Duk da haka, abin da Darakta ya ce a tara, in an kwashe unguwarmu an sayar har da mu a ciki ba zai kai ba. Ya ce ba kuɗin shekara yake so ba, sai wanda za a ajiye yana haihuwa har abada. Koci ya tambaye shi a gaban jama'a ko su 'yan ƙwallo sun ajiye nasu na har abada kafin a fara haƙa musu tushe da bashi. Sai ya yi murmushi ya ce ƙwallo ce ƙofar gidan jami'a. Na ce a raina, to mu ne kwata.

Ki duba rasiɗin gidan waya. Ki gaya min akwatin.

Guled

*

Alaska, watan Yuli

Guled,

Salam. Ina lafiya. Hazo ya rufe mu, jirgi bai sauka ba sai jiya, shi ya sa ka ji shiru.

Akwatin da ke ƙasan wasiƙar na aika, wane zan aika? Shi ne kaɗai a takardar. An rubuta kowace kyauta tana zuwa inda aka fi buƙatarta. Wa ya fi filin da za a zuba wa kwalta buƙata? Kada ka ƙara ce min mahaukaciya. Da kun gaya min gaskiya tun farko da na san akwai Koci da asusunsa.

Ga rasiɗin na sa maka a ciki. Ka kai ofishinsu ka ce a mayar da kuɗin wurin Koci. In sun ƙi, a mayar min. Ka sa riga mai kyau, kuma don Allah kada ka yi musu irin surutunka.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai. Ta yaya ka san ya ce kada in taɓa su? Ni tabarma kawai na ambata maka. Ko duk iyalai ya aika wa irinta?

Sagal

*

Dunmere, watan Agusta

Sagal,

Salam. Kawu lafiya, Inna tana fama da hawan jini kaɗan, ta fara shan magani. Ayanle yana ci yana sha, magana ce ba ya yi.

An rufe ƙungiyar. Ba su ma jira ƙarshen wata ba. Sun kira yaran wani ɗaki mai sanyi, aka ba kowa ruwan gora, Darakta ya karanta takarda bai ɗaga kai ba, ya fita ta ƙofar baya. Koci ya fara mayar wa mutane kuɗinsu gida gida. Inna ta karɓi na sambusarta tana kuka. Tsoho Tuttle ya karɓi nasa, amma kujerar matarsa ta tafi.

Na je ofishin da rasiɗinki, na sa rigar Idi. Ba a bar ni na ga Darakta ba, sai wani mataimakinsa mai kula da masu bayarwa, Mista Lindgren, yaro sa'ana mai fararen haƙora. Ya duba na'urarsa ya samo kuɗin nan take. Ya tashi ya riƙe hannuna da hannu biyu, wai ashe mu ne bawan Allah da bai sa suna ba, wai sun ma ambace mu a walima an yi tafi. Ni ne na jera kujerun wannan walimar, Sagal. Na ji ana tafin, har na taya su.

Na ce a mayar. Ya ce kyauta ba ta komawa. Na ce ai kuskure ne, don filin tsere aka bayar. Ya juyo min da na'urar ya ce in nuna masa inda aka rubuta tsere. Na tambaye shi to yanzu ina kuɗin suke. Ya ja labule ya nuna min ramin da ake zuba wa siminti, ya ce, "Ga su can, abokina. Kun shiga tarihi."

Kin ce kada in yi surutu. Na yi ƙoƙari. Abin da na ce masa kawai shi ne, "Yarinyar da ta aiko su yatsunta ba sa lanƙwasuwa da safe. Wane ɓangare ta saya, wurin askin ko gadon barcin rana? In gaya mata."

Haƙoran suka ɓuya. Ya ce ya fahimci zafin da nake ji, duk haka suke cewa. Sannan ya miƙo min wata takarda, wai kyautar ta kai matsayin bulo babba a daidai bakin ƙofa, layi biyu na rubutu, mu zaɓi sunan da muke so kafin a kai wurin sassaƙa. Na karɓa don kada in mare shi da ita.

Ran Litinin motocin haƙa suka shiga jan filin. Kafin su fara, Ayanle ya tsallaka shinge da takalmansa na tsere ya yi zagaye ɗaya. Direban ya kashe injin ya jira shi har ya gama. Shi kaɗai ne a jami'ar nan ya nuna kunya, kuma ba ma'aikacinsu ba ne. Wata jami'a can cikin duwatsu ta ce Ayanle ya zo, kwana biyu a mota daga nan. Zai tafi. Kawu ya ce to shi wa zai riƙa kai shi asibiti, na ce ni, ya ce to ya shiga uku.

Tambayar da kika yi a ƙarshe, zan amsa miki. Ba yau ba.

Guled

*

Alaska, watan Agusta

Guled,

Salam. Allah ya ba Inna lafiya, ka tabbata tana shan maganin. Ni lafiya, barci ne babu.

Ba su san da wa suke yi ba. Akwai wata mata da muke layi ɗaya, Luz, ɗanta lauya ne a birni. Na karanta masa wasiƙar Darakta a waya. Ya ce in dai mutum ya rubuta alkawari a takardar ofis ya sa hannu, ya karɓi kuɗi a kan alkawarin, sannan ya rufe kafin ranar da ya yanka, to akwai magana. Ya ce maganar akuyar kaɗai ta isa jarida. Ya ce in kawo masa ita kanta takardar, kada in lanƙwasa ta.

Makaranta ta ba ni zuwa tsakiyar Satumba in biya kashin farko, in ba haka ba a ba wani gurbina. Ina zuwa da jirgin ƙarshen wata. Daga tasha wurin lauya zan wuce, daga nan gidan jarida, sannan in zo gida in gaya wa Baba komai da bakina. Sai mutumin nan ya tsaya a gaban jama'a ya karanta maganar akuyar da ƙarfi. Bulon kuma su haɗa da shi su gina masa kabari.

Kai kuma ina jiran amsata.

Sagal

*

Dunmere, ƙarshen Agusta

Sagal, 'yar Kawuna,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Na ba matar Koci wannan wasiƙa ta tare ki da ita a tasha, don in na sa a gidan waya za ku yi saɓani. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Kada ki je wurin lauya.

Ki fito da wasiƙar Darakta ki sake dubawa. Wane Bature ne a ƙasar nan yake fara wasiƙa da tambayar lafiyar hannuwanki, har ya ba ki labarin gwiwarsa? Wa ya san ana gaya miki ki sa safa biyu in ba wanda yake jin Inna tana faɗa a waya ba? Akuyar kuma, Sagal. A sansanin 'yan gudun hijira, kina 'yar shekara tara, aka ba ki igiyar akuyar Idi ki riƙe, kika ɗaura ta a ƙafarki kika yi barci, kika farka da igiya babu akuya. Mutum nawa ne a duniya suka san wannan? Pendergast ko sunanki bai sani ba. Ko na Ayanle sai ya duba takarda.

Ni ne. Takardar mai hoton zakara a kwandon sharar ofis na tsince ta. Ni na riƙa faɗa, Darlene tana bugawa tana dariya har da hawaye. Sa hannun ma nawa ne, da hagu na yi. Kawu ya ce ban da wasiƙar da muka sa wa hannu, sai na ga ai wannan ba sunana ba ne. Na ɗauka layi uku za ki karanta ki ce wannan ɗan banzan Guled ne, ki kira gida ki yi ruwan bala'i, gaskiya ta fito, kowa ya huta. Na sa miki akuya don ki gane ni. Na ce kada ki taɓa kuɗin don kada ki taɓa su. Akwatin da ke ƙasa kuwa a buge yake a takardar tun asali, ban iya karanta shi ba, ban kuma tambaya ba. Na zaci ado ne.

Kin san abin da ya fi ƙona min rai? Na zauna na ƙirƙiro rashin kunyar da ta fi kowace girma a kaina, wurin sulu, famfon banɗaki, na ce babu mai hankalin da zai yarda. Kika yarda, lauya ma ya yarda. Jiya kuma na ga an sauke wurin sulun daga mota, ja ne, an nannaɗe shi da leda. Famfon ma an sayar, wani mai sayar da motoci ya saya.

Tun watan Yuni ya kamata in faɗa. Na yi ta cewa bari in karɓo kuɗin tukuna, in haɗa miki da gaskiyar a faranti ɗaya. Ban karɓo ba.

Na gaya wa Kawu da safiyar nan, rantsuwarki ita ma na karya, wannan karon ta gaba. Bai zage ni ba. Ya ɗaga hannun nan mai ciwo har ya wuce kunne, na tsaya ina jira, sai ya sauke ya ce in fita. Da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Ga abin da na yi. Na sayar da motata, na kai wa makarantarku kashin farko, gurbinki yana nan, ki tambaye su. Na ajiye aikin filin, ba zan ƙara jera musu kujera ba. Na rubuta sunana a kamfaninku na kifi, aikin hunturu, wanda kika ce ko 'yan can gudunsa suke yi. Duk abin da aka biya ni makarantarku zai wuce har sai bazara biyunki sun dawo. Ni da ko wankan ruwan sanyi ba na yi. Ki ara min safarki, duka biyun. Kai Kawu asibiti kuma ya dawo kanki, ya ce gara haka, ke ba kya waƙa a mota.

Saura bulon. Kin ce a gina kabari da shi, amma sun ce in ba a ba da suna ba za su rubuta Masoyin Zakaru, wannan kuwa ba zan iya haɗiye shi ba. Sunanki ba zai taɓa zama a ƙofarsu ba, na Ayanle ma haka. Na je na ba su nawa. A daidai bakin ƙofa yake, inda kowa yake goge ƙafa. Duk ranar Asabar mutum dubu hamsin za su taka shi suna shiga, su sake taka shi suna fita, su zubar masa da giya da miya. Na ga ya dace. In kin sami hutu daga karatu ki je ki taka naki, ki sa takalmin aikin kifi mai nauyin nan.

Wanda ya rubuta ta farkon, kuma ya rubuta wannan,
Babban Daraktan Wauta,
taubashinki Guled